Farfesa Abdu Mumuni: Ɗan Tasawa Da Ya Auna Fasaha Da Tiyar Talaka

 Tun ƙarshen shekarar 2022, lokacin da wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT, da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu karanta wani labari a gidan rediyo ba a kan abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke taƙaitawa da IA, masu Ingilishi kuma da AI. Yau a ce za ta maye gurbin likita, gobe a ce malamin makaranta ya kusa rasa aikinsa, jibi a ce ita za ta riƙa yi wa mutum ciniki yana kwance a ɗaki. Labaran nan sun iso har rumfunan cajin salula na Icirnawa da Matamai da Kance, wasu na murna, wasu na fargaba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani ɗan ƙasa da ya san kimiyya ciki da bai, wanda kowa ke jin sunansa a jikin jami'ar Yamai amma kaɗan ne suka san abin da ya yi. Wannan bawan Allah shi ne Farfesa Abdu Mumuni, wanda a takardun hukuma ake rubutawa Abdou Moumouni Dioffo.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga watan Yuni na 1929, ko da yake asalin gidansu Kirtashi ne, can bakin kogin Kwara. A nan Damagaram ya fara karatun boko, ya ci gaba a Yamai, daga nan a 1944 aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan da za su yi mata aiki a ƙasashen da take mulka. Yawancin waɗanda suka bi ta makarantar nan iyakarsu ke nan, a ba mutum alli ko alƙalami a tura shi wani gari. Shi bai tsaya ba. Ya wuce birnin Paris, ya karanci kimiyyar fiziks, wato ilmin haske da zafi da motsi da lantarki, kuma a 1956 ya ci jarrabawar da ake kira agrégation, wadda ko ƴaƴan Faransa kaɗan ne ke haye ta. Shi ne ɗan Afirka na farko daga ƙasashe rainon Faransa da ya ci ta a wannan fanni, yana da shekara 27.

Mai irin wannan takarda, da ya so, da ya yi zamansa a Turai cikin rufin asiri. Amma tun yana ɗalibi yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, wato FEANF, mai fafutukar neman ƴanci. Ya dawo ya koyar a Dakar. Da ƙasar Gini ta Seku Ture ta ƙi amincewa da tayin Janar De Gaulle a ƙuri'ar watan Satumba na 1958, Faransa ta kwashe malamanta da likitocinta cikin fushi, Abdu Mumuni na cikin ƴan Afirkan da suka tafi Konakiri don kada makarantu su rufe. Bayan haka ya zo Yamai ya koyar na ɗan lokaci.

A 1964 aka buga masa littafi a Paris mai suna L'éducation en Afrique, wato sha'anin ilmi a Afirka, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968. Jigon littafin shi ne makarantar da Turawa suka kawo an tsara ta ne don buƙatar mai mulki, ta samar masa da tafinta da magatakarda, tana raba yaro da harshensa da aikin hannun iyayensa. Ya nemi a koyar da yara da harsunan gida, a yaƙi jahilci a tsakanin manya, a haɗa karatu da sana'a. Ku lura, wanda ya yi wannan kira ba gaza Faransanci ya yi ba, mutum ne da ya yi gogayya da masu harshen a jarrabawarsu ya haye. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a nan Damagaram, kuma sai a 2025 ne dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wannan batu na harshe ya shafi na'urorin da ake ta yayatawa yanzu kai tsaye. Yadda suke aiki shi ne an ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet, suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Galibin rubutun nan da Ingilishi yake da sauran manyan harsunan duniya, na Hausa ɗan kaɗan ne, na Hausar Damagaram kuwa ba a ma maganarsa. Kuma na'urar ba ta jin kunyar ƙarya, domin ba ta san ta yi ba. Wanda ya tambaye ta kuɗin tiyar gero a kasuwar Matamai, tana iya ba shi adadi cikin lafazi mai daɗi kamar dillalin da ya kwana a kasuwar, alhali ba ta taɓa ganin tiya ba. Ba mu ce ba ta da amfani ba. Tana taimakawa wajen tsara wasiƙa ko fahimtar takardar Faransanci, muddin akwai wanda ya san abin da zai sake dubawa.

Mu koma ga Farfesa. Daga 1961 zuwa 1964 yana Tarayyar Sobiyet yana ƙwarewa a kan makamashin rana. Daga can ya wuce Bamako, zamanin Modibo Keita, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1967 ya sami babban digirin dakta a Paris, kuma bincikensa a kan madubi ne mai siffar ƙwarya, wanda ke tattara hasken rana wuri guda har ya yi zafin da zai tafasa ruwa ko ya ƙona itace. A lokacin nan duniyar masana ta karkata ga nukiliya da tseren zuwa wata, su ne labaran da ke cika jaridu. Shi kuwa sai ya zaɓi abin da ƙasarsa ke da shi fiye da kima, wanda ba a sayensa kuma ba a rufe masa iyaka, wato ranar nan da ke ƙona mu a watan Afrilu.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, wanda ya riƙe har 1985. A nan ne za a ga irin ma'aunin mutumin. Ofishin bai tsaya ga rubuta rahoto ba, yana da wurin ƙira, inda ƴan Nijar ke yanka ƙarfe suna haɗa kaya da hannunsu. Sun ƙera na'urar ɗumama ruwa, wadda ba kome ba ce face farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, da bututu a jikinsa, aka rufe da gilashi. Ruwa ya yi zafi ya hau tanki da kansa, babu inji babu mai. Sun ƙera na tace ruwa, irin wanda asibiti da batirin mota ke buƙata, da na busar da kayan gona, da murhun dafuwa, sun kuma yi aiki a kan injin da zafin rana ke juyawa. Duk kayan nan in sun lalace maƙeri ko mai walda na iya buɗewa ya ga ciwon. Ku tuna kuma zamanin fari ne, na 1973 da 1974, ga tsadar man fetur a duniya, ga itatuwa na ƙarewa a bakin murhu. Matsalar da ke gaban uwargida mai zuwa itace ita ce ya ɗauko ya kai ɗakin bincike.

A daidai wannan zamani akwai wata fasaha da aka shigo da ita da ganga da algaita, wato talabijin na makaranta, wanda aka soma a 1964 da tallafin Faransa. Tunanin shi ne tunda malamai sun yi ƙaranci, akwatin talabijin zai ba da darasi, a sa wani mai ƙaramin karatu ya kula da ajin. Baƙi sun yi ta zuwa kallo daga ƙasashe, an yaba da yadda yaran ke jin Faransanci. To amma shiri ne mai tsada da ya dogara da kuɗi da ƙwararrun waje, bai taɓa kai wa ga mafi yawan yaran ƙasa ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa, tashar ta zama talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Duk lokacin da muka karanta labarin cewa na'ura za ta maye gurbin malami, wannan shiri ne ke faɗo mana a rai. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ma'aunin nan bai ƙyale kayan Farfesa kansa ba. Murhun rana bai shiga madafan iyayenmu mata ba, kuma duk mai tuƙa tuwo ta san dalili. Abinci da sassafe ake ɗorawa ko da yamma, lokacin da rana ba ta da ƙarfi. Tuƙi na son wuta mai ƙarfi da tukunya mai zama daram, ba a tsaya cikin tsakar rana ana juya madubi ba. Ga kuɗin sayen murhun, alhali kara da itace ana iya tsintowa. Har yau da itace da gawayi mafi yawan gidajenmu ke dafuwa. Abin da ya ci kasuwa a ƙarshe shi ne faifan sola mai ba da lantarki, wanda kuɗinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, bayan da masana'antun Sin suka shiga ƙera shi da yawa. Shi ne ke cajin salula, shi ke kunna firjin mai ƙanƙara, yana kuma jawo ruwa a wasu lambuna. Hangen Farfesa a kan rana ya tabbata, amma burinsa na mu ƙera da kanmu bai cika ba, saye muke yi.

Darajar wannan hange ta ƙara fitowa a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kafin yankewar, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa, mu nan yankin Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina. Masu niƙa, masu ƙanƙara, masu walda da teloli ba su manta da waɗannan watanni ba, har zuwa Maris na 2024 da aka maido da ita. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi. A ƙasar da kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki, ya kamata mai kawo mana labarin ƙirƙirarriyar basira ya haɗa da cewa manyan ɗakunan kwamfuta na duniya, waɗanda irin waɗannan na'urori ke zaune a cikinsu, sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, bisa ƙiyasin hukumar makamashi ta duniya. Wannan ya ninka abin da Nijar baki ɗaya ke sha a shekara fiye da sau 100.

Akwai kuma inda abin ya taɓa aljihun ɗan kasuwa. A watan Afrilu na 2025 wani dandalin zuba kuɗi mai suna CBEX ya rushe a Najeriya, bayan ya yi wa jama'a alkawarin ninka musu kuɗi cikin ƴan makonni, yana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yin cinikin. Mutane da dama sun wayi gari asusunsu babu kome, hukumar EFCC ta shiga bincike. Tsohuwar damfara ce aka sa wa sabuwar riga, kuma da yake tsakaninmu da Daura da Mai'aduwa ƙetare Ɗan Barto ne kawai, irin wannan tallan na iso mana ta WhatsApp ba tare da biyan kwastan ba. Mai adashi ko da ta gudu an san gidansu da danginta. Wanda ke bayan manhaja kuwa ba a san fuskarsa ba, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Tambayoyin da aikin Farfesa ya ginu a kansu su ne ƴar kasuwa ke yi kafin ta sayi injin markaɗe: wa ya ƙera shi, wa zai gyara in ya tsaya, akwai kayan gyaransa a kusa, me yake ci a rana, kuma wace wahala zai ɗauke mata.

Ban da ONERSOL, Abdu Mumuni ya koyar da fiziks a jami'ar Yamai tun daga tsakiyar shekarun 1970, ya kuma shugabance ta daga 1979 na kimanin shekara 3, zamanin Seyni Kunce. Bayan ya sauka ya ci gaba da shiga aji har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu na 1991 yana da shekara 61, ƴan watanni kafin babban taron ƙasa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, ofishin da ya riƙe shekara 16 kuma daga baya aka sauya masa suna da tsari ya koma cibiyar makamashin rana ta ƙasa. Allah ya jiƙansa da rahama.