Alexander Maximow

Alexander Alexandrovich Maximow (1874 – 1928) likita ne ɗan ƙasar Rasha, kuma masanin ƙirar naman jiki da ƙwayoyin jini, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Amurka. An fi saninsa da ra'ayin cewa dukkan ƙwayoyin jini, jajaye da farare, daga ƙwayar halitta guda ɗaya suke fitowa, wadda a yau ake kira uwar ƙwayoyin jini. Bai ga an tabbatar da wannan ra'ayi ba, domin sai bayan shekaru 33 da rasuwarsa gwaji ya gaskata shi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Saint Petersburg a shekarar 1874. Ya yi karatun likita a Kwalejin Likitancin Soja ta birnin, inda ya kammala a 1896. Daga nan ya tafi Jamus don ƙarin ilimi, ya yi aiki a Freiburg ƙarƙashin Ernst Ziegler. A can ne ya wallafa bincikensa na 1902 kan yadda nama ke sake ginuwa a wurin kumburi. Ya koma gida a matsayin farfesa a tsohuwar kwalejinsa daga 1903 zuwa 1922.

Ra'ayinsa kan asalin jini

A wancan zamani masana sun rabu gida biyu. Mabiya Paul Ehrlich suna ganin fararen ƙwayoyin jini daga tushe biyu mabambanta suke fitowa. Maximow kuwa, bayan ya daɗe yana duba naman 'ya'yan dabbobi na ciki a madubin likita, ya tsaya a kan cewa tushen guda ne. Ya gabatar da wannan a gaban ƙungiyar masana jini ta Berlin a shekarar 1909, aka buga jawabin a mujallar Folia Haematologica.

Sau da yawa akan ce shi ne ya ƙirƙiro kalmar Jamusanci Stammzelle, ma'ana ƙwayar tushe. Gaskiyar magana ita ce Ernst Haeckel ya riga shi amfani da ita tun 1868, haka ma Artur Pappenheim a fannin jini. Abin da Maximow ya yi shi ne kafa hujja a kanta da kuma yaɗa ta. Ya kuma yi kuskure a wuri guda: ya ɗauka ƙwayar limfosait ita ce uwar, alhali kama kawai suka yi a ido.

Hijira da rasuwa

Bayan juyin juya halin 1917 aikin bincike ya yi wuya a Rasha. A 1922 ya tsallaka zuwa Finlan, daga nan ya wuce Amurka, inda Jami'ar Chicago ta ɗauke shi farfesa. A can ya ci gaba da rainon ƙwayoyin nama a wajen jiki, a kan gilashi. Ya rasu a Chicago a watan Disamba na 1928, yana da shekara 54.

Tasirinsa a ilimi

A yau akan auna tasirin mai bincike ne da yawan takardun da suka ambaci aikinsa, da kuma mutanen da ya yi aiki tare da su. Waɗannan ma'aunai sun zo ne bayan zamanin Maximow: Eugene Garfield ya fitar da kundin ƙirga ambato na kimiyya a 1964, Jorge Hirsch kuma ya kawo ma'aunin h a 2005. Ban da haka, yawancin manyan ayyukan Maximow da Jamusanci ya rubuta su, kuma idan ra'ayi ya zama sanin kowa, marubuta sukan daina ambaton mai shi. Saboda haka ƙirga ambato kaɗai ba ya nuna girman aikinsa.

An fi ganin tasirinsa ta hanyar abokin aikinsa William Bloom. Maximow ya rasu bai gama littafin da yake rubuta wa ɗaliban likita ba. Bloom ne ya ƙarasa shi, aka buga a 1930 da sunan A Textbook of Histology, ɗauke da sunayensu biyu. An yi ta sake buga littafin shekaru da dama, daga baya Don Fawcett ya shigo cikin aikin har aka koma kiransa da sunan Bloom da Fawcett. Ɗalibai masu yawa sun koyi ra'ayin Maximow daga wannan littafi.

Hujjar gwaji ta zo a 1961, lokacin da James Till da Ernest McCulloch a Toronto, Kanada, suka sanya ƙwayoyin ɓargo a jikin ɓerayen da aka haska wa tururin radiyeshan, suka ga ƙulle-ƙulle sun tsiro a saifarsu. A 1963, tare da Andrew Becker, suka nuna cewa kowane ƙulli daga ƙwaya guda ya samo asali. Dashen ɓargo da ake yi wa masu cutar sankarar jini da wasu masu cutar sikila a yau, a kan wannan tushe ya ginu.