Peter Medawar, Mutumin da Ya Gano Dalilin da Ya Sa Jiki Ke Ƙin Dashe

A wannan makon mun kawo muku tarihin Peter Medawar, masanin kimiyya ɗan Birtaniya. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali duk wanda aka yi wa dashen ƙoda yana cin gajiyar aikinsa.

An haife shi a ƙasar Barazil a 1915. Mahaifinsa ɗan Labanon ne, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila. Ya karanta ilimin dabbobi a Jami'ar Oxford, wato shi ba likita ba ne ma.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mutane da yawa sun yi mummunar ƙuna. Likitoci sukan ɗauko fatar wani su liƙa wa mai ƙunar, amma bayan ƴan kwanaki sai fatar ta mutu. A birnin Glasgow, Medawar da wani likita mai suna Thomas Gibson suka lura cewa idan aka sake ɗauko fata daga mutumin da ya bayar da farko, jiki yakan fi saurin ƙin ta. Ashe jiki ba ya manta baƙo! Garkuwar jiki ce take ɗaukar sabuwar fatar a matsayin abokin gaba, kamar yadda take yi wa ƙwayoyin cuta.

Gwajin da ya fi burge mu shi ne na 1953. Shi da Rupert Billingham da Leslie Brent suka yi wa ƴaƴan ɓeraye allurar ƙwayoyin halittar wani irin ɓera tun suna ciki. Da suka girma aka dasa musu fatar wancan irin, sai ta zauna lafiya. Wannan ya nuna ana iya koya wa jiki karɓar baƙo. A 1960 aka ba shi kyautar Nobel tare da Macfarlane Burnet na Ostareliya.

Har yanzu wanda aka dasa wa ƙoda yana shan maganin danne garkuwar jiki iya tsawon ransa. Maganin ga tsada, ga shi yana sa mutum saurin kamuwa da cuta. Shi ya sa likitoci suke gwada sa wa marasa lafiya wasu ƙwayoyin garkuwa masu kwantar da sauran, ko jiki zai karɓi ƙodar da kansa, irin abin da ɓerayen Medawar suka yi.

A 1969 ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma ya ci gaba da bincike da rubuta littattafai. Ya mutu a Landan ranar 2 ga Oktoba, 1987.