Satchel Paige: Tsohon da ya riƙe ƙungiyar da ke durƙushewa

A watan Yulin 1951, ƙungiyar besbol ta St. Louis Browns da ke Amurka ta ɗauki wani ɗan wasa mai shekara 45. Ƙungiyar na can ƙasan teburi, kuma ta kammala kakar da shan kashi 102 a wasa 154. Mutane da dama sun ɗauka an kawo tsohon ne kawai don jawo 'yan kallo. Sunansa Leroy Paige, amma duniya ta fi saninsa da Satchel.

An haife shi ranar 7 ga Yulin 1906 a Mobile da ke jihar Alabama, cikin talauci. Yana yaro yakan yi dakon jakunkunan matafiya a tashar jirgin ƙasa. Yana kimanin shekara 12 aka tsare shi a gidan gyaran hali na yara da ke Mount Meigs, inda ya ƙware a jifan ƙwallo.

A besbol, mai jifa shi ne ginshiƙin wasa. Yana jefa ƙwallo ga abokin hamayya mai riƙe da sanda, burinsa ya hana shi bugu mai kyau har a fitar da shi. Wasa zagaye tara ne, kuma idan mai jifan farko ya gaji ko aka fi ƙarfinsa, sai a kira ɗan canji ya karɓa, sau da yawa a lokacin da wasa ke gab da kufcewa.

Paige ya fara wasa a matsayin sana'a a 1926, lokacin da manyan gasannin Amurka ba sa karɓar baƙar fata. Don haka ƙuruciyarsa ta ƙare ne a gasar baƙaƙen fata, a ƙungiyoyi irin su Birmingham Black Barons da Pittsburgh Crawfords da Kansas City Monarchs. A 1938 hannunsa ya samu matsala a ƙasar Meziko, har aka zaci ya gama. Bayan hannun ya warke, ya taimaka wa Monarchs ta lashe kofin gasar a 1942.

Sai a 1947 Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata. Shekara guda bayan haka, a ranar da Paige ya cika 42, mai ƙungiyar Cleveland Indians, Bill Veeck, ya ɗauke shi. Ya ci wasa shida ya faɗi ɗaya, ƙungiyar ta zama zakara, shi kuma ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a wasannin ƙarshe na babbar gasar. Amma bayan kakar 1949 Veeck ya sayar da ƙungiyar, aka sallami Paige, ya koma yawon wasa gari-gari.

Da Veeck ya sayi Browns a 1951, sai ya sake nemo shi. Saurin jifan ƙuruciya ya ragu, amma saitinsa na nan, ga dabarar sauya gudun ƙwallo don ruɗa mai bugu. A kakar 1952 ƙungiyar ta ci wasa 64 kacal, 12 daga ciki an rubuta su da sunan Paige, wanda akasari ɗan canji ne. A watan Agustan shekarar, da aka ba shi damar fara wasa da Detroit Tigers, ya yi jifa zagaye 12 ba tare da an ci shi maki ko ɗaya ba, Browns ta yi nasara da ci 1-0. Yana da shekara 46 a lokacin. An zaɓe shi cikin gwanayen gasar a 1952 da kuma 1953.

Duk da haka, mutum ɗaya bai isa ya ceto ƙungiyar ba. Browns ta faɗi wasa 100 a 1953, aka sayar da ita, ta koma Baltimore da sunan Orioles, aka kuma sake sallamar Paige. Ya ci gaba da jifa a ƙaramar gasa a Miami daga 1956 zuwa 1958.

Ranar 25 ga Satumban 1965, Kansas City Athletics ta dawo da shi don wasa ɗaya, yana da shekara 59. Ya yi zagaye uku da Boston Red Sox ba a ci shi maki ba, kuma Carl Yastrzemski ne kaɗai ya iya yi masa bugu mai kyau.

A 1971 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan besbol da ke Cooperstown, bisa abin da ya yi a gasar baƙaƙen fata. Ya rasu a Kansas City ranar 8 ga Yunin 1982. Abin da ya yi a Browns yana gab da shekara 50 yana sa a yi tunanin irin tarihin da zai kafa da an bar shi ya shiga babbar gasar tun yana ɗan shekara 20.