Anna Furoid, malamar da ta saurari kukan yara

Ranar 3 ga watan Disamba 1895 aka haifi Anna Furoid, wadda Turawa ke rubuta sunan gidansu Freud, a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya. Ita ce auta cikin ƴaƴa shida na likita Sigmun Furoid, Bayahuden nan da ya ƙago hanyar warkar da damuwar rai ta wajen barin majinyaci ya yi ta zance, har a gano abin da ke ɓoye cikin zuciyarsa.

Anna ba ta yi karatun likita ba. Aikin malanta ta koya, ta kuma karantar da yara a makarantar da ita kanta ta fito. Daga baya ta ɗauki ilimin mahaifinta, aka karɓe ta cikin ƙungiyar masana wannan fanni ta Biyena a 1922. A shekarar da ta biyo ta soma duba yara, daidai lokacin da ciwon daji ya kama mahaifin nata a muƙamuƙi. Shekara 16 tana jinyarsa.

Nan da nan ta lura cewa hanyar manya ba ta dace da yaro ba. Babba shi ke kawo kansa, ya kuma san abin da zai faɗa. Yaro kuwa kawo shi ake yi, bakinsa bai kai ga damuwarsa ba. Saboda haka sai ta fara neman amincewarsa, ta duba wasansa da zanensa da mafarkinsa, ta kuma jawo iyayensa cikin aikin. Ta bayyana wannan hanya cikin littafinta na 1927. Cikin wani na 1936 ta nuna dabarun da zuciya ke kare kanta da su, kamar yadda yaron da ake tsoratarwa kan ɗauki halin mai tsorata shi, ya sauke kan wanda ya fi ƙarfi.

A watan Maris 1938 sojojin Hitila suka shiga Ostiriya. Ƴan sandan ciki na Jamus suka kama Anna, suka wuni suna yi mata tambayoyi. A watan Yuni iyalin suka yi hijira zuwa Landan, inda mahaifinta ya rasu a 1939.

Sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai bisa Landan, ita da ƙawarta Ba'amurkiya, Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen reno a unguwar Hamsted a 1941, domin yaran da yaƙi ya raba da gidajensu. Ma'aikatan suna rubuta halin kowane yaro kullum. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki: ƙaramin yaron da ke jikin uwarsa, in hankalinta a kwance yake, yakan jure ƙarar bam, wanda aka raba da ita farat ɗaya, ko da an kai shi inda babu haɗari, shi ke ƙin abinci, ya koma fitsarin kwance, ko ya yi shiru. Sai Anna ta buɗe wa iyaye mata ƙofa dare da rana, ta kuma kasa yaran huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowane kashi da mai reno ɗaya wadda ba a canzawa.

A 1945 aka kawo Ingila wasu marayu shida, ƴan kimanin shekara uku, daga sansanin Terezin inda ƴan Nazi suka tsare Yahudawa. Da fari ba su yarda da babba ba, amma ba su iya rabuwa da juna, kowa na ba ɗan'uwansa abinci. Sannu a hankali suka saba da masu renonsu. Rahoton da Anna ta rubuta kansu tare da Sophie Dann ya fito a 1951.

A 1952 ta buɗe asibitin yara a Hamsted. A 1973 kuma, tare da malamai biyu na jami'ar Yale ta Amurka, ta rubuta littafi domin alƙalai, inda suka nuna cewa a wurin yaro uwa ko uba shi ne mai kula da shi kullum, kuma wata guda a gare shi lokaci ne mai tsawo, don haka kada a ja shari'ar riƙonsa. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ta rasu a Landan ran 9 ga Oktoba 1982, tana da shekara 86.

Wannan darasi bai yi nisa da Malbaza ko Birnin Ƙonni ko Illela ba. A ƙasar Hausa akan kai yaro wajen kakarsa ranar yaye, akan ba da shi riƙo, mutuwar aure kan raba shi da uwarsa, akan tura shi almajiranci. Daga 2019 kuma dubban iyalai suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara zuwa jihohin Maraɗi da Tawa, suna gudun ƴan bindiga. Aikin Anna Furoid ya nuna cewa in rabuwa ta zama tilas, ya kamata yaro ya saba da wanda zai karɓe shi tukuna, a gaya masa gaskiya, kada kuma a riƙa yawo da shi hannu zuwa hannu. In ya koma fitsarin kwance ko ya daina magana, uwa da malamin aji su tambayi wanda ya rasa kafin su ɗauki bulala.