Enzo Ferrari: Mai dokin Maranello da rigimar ƙaramin inji

Ranar 16 ga Maris, 2014, a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, aka buɗe kakar tseren motoci ta Formula One da sababbin injina. An ajiye injin silinda takwas mai lita 2.4, wanda ƙararsa ke sa 'yan kallo toshe kunne, aka kawo na silinda shida mai lita 1.6, ɗauke da turbo da na'urar lantarki, aka kuma ƙayyade wa kowace mota kilo 100 na fetur daga farkon tsere zuwa ƙarshensa. Motocin sun yi gudu, amma amonsu ya dusashe. Masu shirya gasar ta Ostareliya suka yi ƙorafi, magoya baya suka yi ca, har kamfanin Mercedes ya gwada maƙala wa salansa wani bututu mai kama da kakaki ko ƙarar za ta dawo. Cikin wannan hayaniya an yi ta kiran sunan wani tsoho da ya rasu shekara 26 kafin nan, ana cewa da yana raye da bai yarda ba. Tarihin mutumin bai goyi bayan masu wannan magana kamar yadda suke zato ba.

An haifi Enzo Ferrari a Modena da ke arewacin Italiya ranar 18 ga Fabrairu, 1898. Mahaifinsa, Alfredo, yana da maƙerar ƙarfe. Yana ɗan shekara 10 aka kai shi kallon tsere a Bologna, kuma daga ranar zuciyarsa ba ta sake komawa kan boko ba. A 1916 ya rasa mahaifinsa da wansa. Aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aikinsa ya zama sa wa alfadarai takalmin ƙarfe, har ciwo ya kwantar da shi aka sallame shi. Ya nemi aiki a kamfanin Fiat da ke Turin, aka ce babu gurbi. Sai wani ƙaramin kamfani a Milan ya ɗauke shi gwajin motoci, a 1920 kuma ya koma Alfa Romeo, ya zo na biyu a tseren Targa Florio na tsibirin Sisili.

Direba ne mai kyau, sai dai bai kai sahun gwanaye ba, kuma ya san haka. Baiwarsa tana wajen haɗa mutane: gano injiniyan da ya iya, janyo shi daga wani kamfani, sa direbobi biyu kishin juna har kowa ya fitar da abin da ke cikinsa. A 1923, bayan ya ci tsere kusa da Ravenna, ya haɗu da iyayen Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin da aka kashe a 1918. Su suka ba shi tambarin da ke jikin jirgin ɗansu, baƙin doki tsaye kan ƙafafun baya. Ya ɗora shi a kan ruwan ɗorawa, launin garinsu. Duk wanda ya taɓa ganin ingarma ya yi tsaye da mahayinsa a ƙofar fadar Shehun Borno ranar hawan salla ya san abin da tambarin ke nufi ba sai an fassara masa ba. A 1929 ya kafa ƙungiyar Scuderia Ferrari, wadda ta riƙa tsere da motocin Alfa Romeo, har ya ɓata da shugabannin kamfanin ya fita a 1939, bisa sharaɗin ba zai sa sunansa a motar tsere ba sai bayan shekara huɗu.

Yaƙi na biyu ya cinye waɗannan shekaru. A 1943 ya mayar da masana'antarsa ƙauyen Maranello, jiragen ƙawance suka yi mata ruwan bama-bamai, ya sake ginawa. Yana da shekara 49 motar farko mai sunansa ta fito, a 1947. Ana kiranta 125 S, injinta silinda goma sha biyu ne wanda Gioacchino Colombo ya zana, girmansa kuwa lita 1.5 kacal. Wato motar da ta kafa gidan Ferrari injinta bai kai girman wanda aka yi ta raina wa a 2014 ba.

Darasin farko game da shan mai ya zo masa da wuri. Da aka fara gasar duniya ta Formula One a 1950, Alfa Romeo ce ke cinye komai da injin lita 1.5 mai famfon cusa iska wanda injin da kansa ke juyawa. Ƙarfi ba a magana, amma motar tana zuƙar mai kamar rariya. Ferrari ya gwada irin wannan hanya bai kai labari ba, sai ya bi shawarar injiniya Aurelio Lampredi aka gina injin lita 4.5 marar famfo, wanda ya fi tattalin mai. Ranar 14 ga Yuli, 1951, a Silverstone ta Ingila, José Froilán González ɗan Ajantina ya kayar da Alfa, kuma lokacin da abokan hamayya suka ɓata wajen cika tanki na cikin abin da ya ba shi nasara. A 1952 da 1953 Alberto Ascari ya ci kambin duniya da injin silinda huɗu. Mutumin da ake tunawa da shi a matsayin sarkin silinda goma sha biyu bai taɓa jin kunyar rage su ba idan lissafi ya nuna haka.

Injin silinda shida kuwa yana da wuri na daban a ransa. Ɗansa Alfredo, wanda ake kira Dino, an haife shi a 1932 da ciwon da ke cinye tsoka a hankali. Ya karanta aikin injiniya, kuma yana kwance a gadon jinya yana tattauna zanen wani ƙaramin inji mai silinda shida da tsohon gwani Vittorio Jano. Ya rasu ranar 30 ga Yuni, 1956, yana ɗan shekara 24, bai ga injin ya tashi ba. Uban ya sa wa injin sunan Dino, da shi Mike Hawthorn ya ci kambi a 1958. Tun daga rasuwar, Ferrari ya rage fita. Bai cika barin Modena da Maranello ba, yana bin tsere ta waya da talabijin, idonsa a ɓoye bayan baƙin tabarau.

Waɗannan shekaru cike suke da jini, kuma tarihin da ya tsallake su bai cika ba. A tseren Mille Miglia na 1957 tayar motar Alfonso de Portago ta fashe a kusa da Guidizzolo, ya mutu tare da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Aka gurfanar da Ferrari bisa tuhumar kisa ba da niyya ba, sai 1961 kotu ta wanke shi. A shekarar ce kuma Wolfgang von Trips ya mutu a Monza tare da 'yan kallo 15. Jaridar fadar Fafaroma ta taɓa kwatanta shi da uban da ke cinye 'ya'yansa. Akwai gaskiya a zargin cewa ya fi damuwa da mota a kan mai tuƙa ta. Direbobi da dama da suka yi masa aiki sun bar shi da ɗacin rai.

Shekarar 1961 ta kawo rigimar da ta fi kama da ta 2014. Hukumar tsere ta rage girman inji daga lita 2.5 zuwa 1.5, ƙungiyoyin Ingila suka yi bore, suka ɓata lokaci suna fatan a janye dokar. Ferrari bai tsaya jayayya ba. Ya shirya ƙaramin injin silinda shida, ya kuma haƙura ya mayar da shi bayan direba, abin da ya daɗe yana ƙi bisa hujjar cewa doki gaba yake da keken da yake ja. Phil Hill ya ci kambi da motar. Bayan haka kuɗi suka yi masa wuya. Cinikin da ya fara da Ford ya rushe a 1963 a kan wanda zai riƙe akalar sashen tsere, Ford ta rama da cinye Le Mans sau huɗu a jere daga 1966. A 1969 ya sayar da rabin kamfanin ga Fiat, wadda ta hana shi aiki shekara 50 da suka wuce, ya riƙe sashen tsere a hannunsa.

Turbo ya shigo Formula One a 1977 ta hannun Renault. Dabarar ba ta da wuyar fahimta, kuma duk bakaniken da ke gyaran manyan motocin da ke bin hanyar Maiduguri zuwa Damaturu ya san ta: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska mai yawa cikin silinda, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Da yake fankar na shanye ƙarfin hayaƙin kafin ya fita, ƙarar ma raguwa take yi, kuma wannan ne tushen kukan 'yan kallo. Da farko dariya aka yi wa motar Renault, ana kiranta butar shayi saboda yawan fitar da hayaƙi idan ta lalace. A 1979 ta ci tsere a Dijon, dariya ta tsaya. A shekarar Jody Scheckter ya ci wa Ferrari kambi da injin silinda goma sha biyu, a 1980 kuwa ƙungiyar ta faɗi warwas.

Tsohon yana da shekara 82, sunansa da martabarsa duk a kan silinda goma sha biyu suke, amma ya ba da umarnin a koma silinda shida mai lita 1.5 da turbo. A 1981 Gilles Villeneuve, direban da ya so kamar ɗa, ya ci Monako da Sifaniya da sabuwar motar. Villeneuve ya mutu a Zolder ta Beljiyam ranar 8 ga Mayu, 1982, duk da haka ƙungiyar ta ci kambin masu ƙera motoci a 1982 da 1983. Har a motocin titi ya bi wannan hanya: saboda harajin da Italiya ke ɗora wa injin da ya haura lita 2, kamfanin ya fitar da ƙirar 208 mai turbo a 1982. Motar ƙarshe da ya sa wa hannu, F40 ta 1987, turbo biyu gare ta.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a nan gida. Direbobin ayarin manyan jami'ai a Abuja sun yi ta ganin yadda Toyota ta cire injin silinda takwas daga Land Cruiser a 2021 ta sa na silinda shida mai turbo biyu, kuma har yau akwai masu rantsuwa da tsohon. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, lissafin mai ya rufe bakin mutane da yawa, a ƙarshen shekarar kuma gwamnatin Borno ta sa motocin haya masu lantarki da masu gas a titunan Maiduguri. Masu kukan 2014 suna da hujjarsu, domin ƙara na cikin abin da mutum ke biyan kuɗin tikiti ya ji, kuma shugabannin Ferrari na lokacin ma sun yi ta sukar dokar, musamman da ƙungiyar ta ƙare kakar ba ta ci tsere ko ɗaya ba, Mercedes kuwa ta kwashe 16 cikin 19. Abin da ba su da hujja a kansa shi ne jingina ƙin sauyin ga mutumin da ya karɓi irinsa a 1961 da 1981.

A watan Yunin 1988 Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci masana'antar, Ferrari yana kwance ba lafiya, sai ta waya suka gaisa. Ya rasu ranar 14 ga Agusta yana da shekara 90, ba a sanar ba sai da aka binne shi a Modena kusa da Dino. Ya bar ɗa ɗaya, Piero. Mako huɗu bayan haka, ranar 11 ga Satumba, Gerhard Berger da Michele Alboreto suka zo na ɗaya da na biyu a Monza cikin jajayen motoci masu silinda shida da turbo, tseren da shi kaɗai ya kuɓuce wa McLaren a kakar baki ɗaya. Daga 1989 aka haramta turbo a gasar, bai dawo ba sai 2014.