Miguel Febres Cordero

Miguel Febres Cordero (7 ga Nuwamba, 1854 – 9 ga Fabrairu, 1910) malamin makaranta ne kuma marubucin littattafan karatu, ɗan ƙasar Ekwado. Ya kasance mamba a ƙungiyar 'Yan'uwa ta De La Salle, wata ƙungiyar maza a Cocin Katolika waɗanda ba firistoci ba ne, amma suna ɗaukar alwashin zama babu aure, babu dukiya, su ba da rayuwarsu ga koyar da yara.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Cuenca, cikin gida mai suna a siyasar ƙasar, aka raɗa masa suna Francisco. Da nakasa a ƙafafu aka haife shi, bai iya tsayawa da kansa ba sai da ya kai shekara biyar. A 1863 'Yan'uwan De La Salle suka buɗe makaranta a Cuenca, yana cikin ɗalibansu na farko. Da ya nuna yana son shiga ƙungiyar, iyayensa suka ƙi, amma bai janye ba. Ranar 24 ga Maris, 1868 ya karɓi rigar ƙungiyar, aka ba shi sunan Miguel. Shi ne ɗan Ekwado na farko da ƙungiyar ta karɓa.

Aikin koyarwa

Ya yi fiye da shekara 30 yana koyarwa a Quito, babban birnin ƙasar. A lokacin littattafan karatu sun yi ƙaranci, don haka ya shiga rubuta nasa tun yana matashi, musamman na nahawun Sifaniyanci. Gwamnati ta amince da wasu daga cikinsu, aka riƙa amfani da su a makarantun ƙasar. A 1892 aka zaɓe shi mamba a Cibiyar Nazarin Harshe ta Ekwado. Duk da wannan matsayi bai bar ajin ƙananan yara ba, kuma ya daɗe yana shirya su don karɓar Jibi Mai Tsarki na farko.

Zaman Turai da rasuwa

Dokar 1904 ta hana ƙungiyoyin addini koyarwa a Faransa, sai 'Yan'uwa da yawa suka koma Sifaniya da Kudancin Amurka. Wannan ya sa aka buƙaci littattafai cikin Sifaniyanci, aka kira Miguel zuwa Turai a 1907 domin ya fassara su daga Faransanci. Ya zauna a Beljiyam, amma sanyi ya taɓa lafiyarsa, aka mayar da shi Premià de Mar, kusa da Barcelona. Yana can tarzomar Yulin 1909 ta ɓarke, inda aka ƙona coci-coci da gidajen masu ibada da dama a Barcelona. Ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a Fabrairun 1910 yana da shekara 55.

Bayan rasuwarsa

A lokacin yaƙin basasar Sifaniya aka kwashe gawarsa, aka kai ta Quito a 1937. Fafaroma Paul na VI ya ayyana shi mai albarka ranar 30 ga Oktoba, 1977, sannan Fafaroma John Paul na II ya sanya shi cikin waliyyan Cocin Katolika ranar 21 ga Oktoba, 1984. Ana bikin tunawa da shi kowace ranar 9 ga Fabrairu.