George Eastman, Akawun Da Ya Sauƙaƙa Ɗaukar Hoto

An haifi George Eastman a 1854 a ƙasar Amurka. Mahaifinsa ya rasu a 1862, ya bar su cikin ƙunci. Yaron bai gama makaranta ba ya shiga aikin masinja a wani kamfanin inshora a garin Rochester, daga baya ya zama akawun banki. Muna so akawuna su lura da wannan.

A zamanin nan mai son ɗaukar hoto sai ya yi dakon kaya: ga ƙaton akwati mai ƙafa uku, ga gilasai, ga kwalaben magani, ga tanti don duhu. Eastman ya sayi irin waɗannan kaya, nauyinsu ya dame shi. To, sai ya riƙa yini a banki, dare kuwa yana gwaje-gwaje a madafar mahaifiyarsa. A 1888 ya fito da wata 'yar kyamara ya sa mata suna Kodak, kuɗinta dala 25, da fim na hoto 100 a ciki. Kai dai ka auna ka danna. In fim ya ƙare ka aika da ita Rochester da dala 10, su wanke hotunan, su sa sabon fim, su komo maka da ita. A 1900 kuma ya fito da Brownie ta kwali, dala ɗaya tak, har yara suna saya.

Ya yi dukiya ƙwarai, ya kuwa rabar da fiye da dala miliyan 100, galibi ga makarantu da asibitocin haƙori. Wata kyautar ma da sunan aro ya yi ta. Bai taɓa aure ba. Ciwon baya ya matsa masa, a 1932 ya kashe kansa. Abin takaici.

Yau masu tara tsofaffin kaya suna rububin kyamarorin da, amma araharsa ta bi kayansa. Kodak ta 1888 kaɗan suka rage, ana sayenta dubban daloli. Brownie kuwa miliyoyi aka ƙera, yawancinta kuɗi kaɗan take yi a gwanjo. Saboda haka malamin da ya tarar da ita cikin adakar kakansa a Fagam ko Gwaram kada ya fara cinikin doki tukuna. Ya duba irinta da shekararta, ya ga ko idonta bai yi hazo ba.